Ƙawata Ta Ƙarar Da Ni, Malamar Yoga Kuma Ta Ce In Buɗe Zuciyata

Anti, assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Bangalore, ƙasar Indiya, ina shekara ta uku a karatun haɗa magunguna. Gida ɗaya muke haya da ƙawata, wadda muke tare tun aji ɗaya na sakandare, har iyayenmu sun zama kamar 'yan'uwa. Bara mahaifiyarta ta rasu muna nan, ko zaman makoki ba ta samu ba. Tun daga nan ta canza. Ta daina shiga aji, kuɗin makarantar da babanta ya turo kuma ta kashe su a waya da sutura da yawo. Wata 8 ke nan ni kaɗai nake biyan haya, ban da bashin da ta ci a hannuna, wanda ya haura rupi dubu 90. In babanta ya kira sai ta miƙo mini waya in ce masa karatu na tafiya daidai, sau uku ina yin haka. Ranar da sakamakona ya fito na ci, sati guda ba ta yi mini magana ba. In na ɗauko maganar kuɗi sai ta fashe da kuka, ta ce ni ma na gaji da ita don ba ta da uwa, gara ta mutu ta huta. Bizarta saura wata uku, makaranta kuma ba za ta ba ta takardar sabuntawa ba. Ina zuwa ajin yoga da safe saboda ciwon baya, motsa jikin kawai nake yi. Malamar takan ce mu tausaya wa duk wani mai rai, karuna suke ce wa abin. Da na ɗan ba ta labari sai ta ce in buɗe zuciyata. Anti, na buɗe har ba abin da ya rage a ciki. Ba na barci, karatuna ya fara ja baya. In na janye jiki, na zama marar tausayi ke nan?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyar ƙawarki, ya kai haske kabarinta.

Akwai magana ɗaya a wasiƙarki da ba za ta jira falsafa ba, ita ce "gara in mutu in huta". Mai yiwuwa da ita take rufe miki baki, mai yiwuwa kuma har cikin ranta take faɗa, sau da yawa ma duka biyun ne a haɗe. Ba ke za ki yanke wannan hukunci ba. Yarinyar da uwarta ta rasu tana wata ƙasa, ta bar aji, ta shiga kashe kuɗi ba lissafi, tana ambaton mutuwa, likita ya kamata ya duba ta. A garin da kuke NIMHANS take, babbar cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Indiya, kuma tun 2022 gwamnatin ƙasar ta buɗe layin waya kyauta mai suna Tele MANAS, lamba 14416, dare da rana. Ki tambaye ta ba kwana-kwana: da gaske kina tunanin halaka kanki? Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ta ce e, ko ta yi shiru mai nauyi, a ranar za ku ga likita, a ranar kuma babanta zai ji.

To, mu zo ga malamarki. Ba ƙarya ta yi miki ba, amma rubu'in magana ta ba ki, ta bar kashi uku a cikin littafi.

Littafin da masu yoga suke komawa gare shi in ana batun tarbiyyar zuciya shi ne Yoga Sutra, na wani malamin Indiya na zamanin da mai suna Patanjali. Gajerun jimloli ne cikin Sanskirit, tsohon harshen Indiya, 195 ko 196 gwargwadon bugun da ke hannunki, an kasa su babi 4, kuma masana da yawa suna ganin wajen shekara ta 400 miladiyya aka tattara su. Abin da zai ba ki mamaki, lanƙwashe jikin nan da kuke yi da safe bai samu fiye da jimloli ƙalilan a ciki ba, yawancinsa a kan zuciya yake da yadda take ruɗin mai ita. Ba kuma yau Musulmi suka fara leƙa shi ba. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi Sanskirit ya mayar da littafin Larabci kusan shekara dubu da ta wuce, ya kira shi Kitab Batanjal, tunda Larabci ba shi da harafin p. Ya karanta, ya bayyana, bai bar addininsa ba. Ni ma a kan haka nake: aƙidar Patanjali game da rai da makomarsa tasa ce, ba tamu ba, amma abin da ya lura da shi na halin ɗan Adam ana iya auna shi a gani ko ya yi daidai.

A babi na 1, jimla ta 33, ya lissafa halaye huɗu, kuma nan ne abin da aka rage miki yake. Bai ce a yi wa kowa abu ɗaya ba. Kowane hali ya haɗa shi da irin mutumin da ya dace da shi. Mai jin daɗi, a yi masa maitri, wato ƙauna irin ta abota, ba hassada. Mai shan wahala, a yi masa karuna, tausayi. Mai aikin kirki, a yi mudita, a yi farin ciki da shi. Mai aikin ɓarna kuwa, sai upeksha, wadda zan dawo kanta don ita ce mai wuyar fassara. Mabuɗi huɗu ne, ƙofa huɗu. Ke kuwa wata takwas kina cusa mabuɗi ɗaya a kowace ƙofa, kina mamakin yadda hannunki ya yi kanta.

Sannan ya faɗi amfanin yin hakan, kalma biyu: citta prasadanam, wato zuciya ta kwanta ta yi garau, kamar ruwan rafi da aka ɗebo da damina aka bari a randa ya kwana, laka ta koma ƙasa. Ma'aunin ke nan da shi kansa mai littafin ya ajiye. Ki ɗora naki tausayin a kai. Ba kya barci, kina yi wa dattijo ƙarya, karatunki na zubewa, kuma na tabbata akwai daren da kika kwanta kina jin haushinta har kina tsorata da kanki. Ita kuma wadda ake tausaya wa ba ta ƙaru da komai ba, sai nitsewa take ƙara yi. Ruwan da ake ta dama shi haka, ko Patanjali ne ya leƙa randar ba zai kira shi karuna ba.

Ni kaina na yi irin wannan tausayi, shi ya sa ba zan yi miki faɗa ba. Na taɓa yin wata bakwai a birnin Chennai na Indiya ina jinyar mahaifina, ciwon ƙoda. Likitoci suka hana shi gishiri, ruwan sha ma da awo ake ba shi a wani ɗan kofi mai zane-zane. Mutumin da ya saba da miyar kuka da yaji, ga shi ana kawo masa shinkafa fara sol da ganye lami. Wani dare ya riƙe hannuna ya ce, ke ma kin haɗa kai da su ko? Ina da ƙullin kilishi a ƙasan akwati. Na ɗauko na yayyaga masa ƙanana, na ja labule, na tsaya a bakin ƙofa ina gadi kamar ɓarauniya. Ya ci yana sa mini albarka, ni kuma ina jin ba wanda ya kai ni son uba. Washegari ƙafafunsa suka kumbura, jininsa ya hau. Wata nas, 'yar jihar Kerala, ta shigo ta danna ɗan yatsa a ƙaurinsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ba ta ce mini komai ba, ta buɗe durowar gefen gado ta ɗauke sauran ƙullin ta sa a aljihu. Ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta. Ita ce kuma take zuwa da tsakar dare ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe don ƙishi ya ragu. Na daɗe ina tambayar kaina a cikin mu biyu wa ya tausaya masa. Amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba: ni kaina na tausaya wa, don ba zan iya jure kallon da yake yi mini ba.

Abin da nas ɗin nan take da shi ni ba ni da shi, shi masu yoga ke kira viveka, iya rarrabewa. A wurin Patanjali kalma ce babba, ita ce ma hanyar tsira gaba ɗaya a tsarinsa, amma a rayuwar yau da gobe ma'anarta ita ce ka iya raba abu biyu da suka cakuɗe. Indiyawa suna misalta ta da wani tsuntsun ruwa, hamsa, wanda a almararsu in aka haɗa masa madara da ruwa sai ya shanye madarar ya bar ruwan. Ƙawarki madara da ruwa ce a ƙwarya ɗaya. Maraicinta gaskiya ne, baƙin cikinta gaskiya ne, wannan ƙofar karuna ce, kuma ban ce ki rage ko ƙwayar zarra ba. Ki zauna da ita, ki saurari labarin mamarta ko sau ɗari ne, ki raka ta wurin likita, in kin dafa ki zuba mata. Amma cinye kuɗin makaranta, da sa ki yi ƙarya, da mayar da hawaye makami duk lokacin da aka ambaci bashi, wannan wata ƙofa ce daban. Mutum ɗaya yana iya tsayawa a ƙofa biyu a yini ɗaya. Aikinki shi ne duk lokacin da ta zo miki da buƙata ki duba daga wace ƙofa ta fito.

Yanzu upeksha. Wasu kan fassara ta da ko-in-kula, su ɗauka ana nufin a juya wa mutum baya. Asalin kalmar daga "dubawa" ta fito: ka ga abu sarai, ka san ɓarna ne, amma kar ya ja ka, ko ta hanyar fushi ko ta hanyar biye masa. Ta yi kama da kawaicinmu, amma ba ɗaya suke ba, kuma a nan nake ganin tarbiyyarmu ta ɗaure ki. Mu an koya mana kara da kawaici: ka gani ka yi kamar ba ka gani ba, a ci naka ka yi murmushi, don kar a ce. Mai kawaici sau da yawa cikinsa na tafasa, hannunsa kuma na ci gaba da bayarwa. Mai upeksha cikinsa a kwance yake, hannunsa ne ya janye daga ɓarnar. Ba ya zagi, ba ya ramuwa, ba ya kai labarinta gidan 'yan Najeriya na unguwa a yi ta yi da ita, amma kuma ba ya ƙara ko rupi ɗaya a ramin.

Maganar wayar babanta ta fi kuɗin damuna. A babi na 2 Patanjali ya kawo abubuwa biyar da mai neman gyaran kansa zai kiyaye a mu'amala da mutane, na farko ahimsa, rashin cutarwa, na biyu satya, gaskiya. Tsohon sharhin littafin, wanda ake jingina wa wani malami mai suna Vyasa, ya ce gaskiyar ma don amfanin halitta ake faɗinta, ba don a ji musu ciwo ba, kuma masu son kauce wa magana mai ɗaci suna son fakewa da wannan. Sai dai jimla ta 34 ta toshe musu hanya, domin ta ce ɓarna iri uku ce: wadda ka yi da hannunka, wadda ka sa aka yi, da wadda aka yi ka amince. Ki duba wa aka cuta da ƙaryar nan. Dattijo ya binne matarsa, yana can yana haɗa kuɗi da canjin da kin san yadda yake, yana turowa makarantar da 'yarsa ba ta shiga. Shi ma mai shan wahala ne, shi ma yana da haƙƙi a karunar taki, amma da yake ba a gabanki yake kuka ba sai kika manta da shi. Ita kanta an cuce ta, domin kowace ƙarya kika yi kin ƙara mata wata guda a cikin rami, kin kuma hana mutum ɗaya tilo da zai iya fitar da ita sanin halin da take ciki. A namu ɓangaren ma kin san hadisin da ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi ake zalunta, da aka tambayi yadda ake taimakon azzalumi aka ce a hana shi zaluncin.

Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, naku ma har ranar ƙurewarsa an rubuta a fasfo: wata uku. Akwai wata gajeriyar jimla a babi na 2, ta 16, da nake so ƙwarai, cewa take wahalar da ba ta riga ta zo ba ita ce abin kaucewa. Rasuwar mamarta ta wuce, ba mai dawo da ita. Amma zama a Indiya da matacciyar biza bai zo ba tukuna, kuma laifi ne a dokarsu, yana jawo tara, yana iya kaiwa ga tsarewa da hana mutum sake shiga ƙasar. Tun da sauran kwana a gaba za ta je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku ta ji ko akwai hanyar dakatar da karatu ko maimaita shekara, in babu kuma a bi ta ofishin rajistar baƙi, FRRO, ta koma gida da mutuncinta da takardunta tsaf. Komawa gida ba mutuwa ba ce. Wataƙila ma abin da ranta ke nema ke nan tun bara, ta ga kabarin uwarta, ta yi kuka a ɗakinta, ta rasa bakin faɗa.

Saura ke. Rarrabewar nan ba a kan ƙawarki kaɗai za ta tsaya ba, sai kin juyo da ita cikin naki ran, kuma nan ne ba daɗi. Patanjali ya lissafa cututtukan zuciya biyar, biyu daga ciki ina jin ƙamshinsu a wasiƙarki. Ɗaya raga, maƙalewa da abin da ya taɓa yi maka daɗi. Yarinyar da kuka raba gado da kwanon gari a makarantar kwana ita kike biya wa haya, alhali wadda ke ɗakin yanzu ta yi sati ba ta yi miki magana ba don kin ci jarrabawa. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, ba zaginki nake ba, duk muna da turken. Ɗayar kuma asmita, "ni ce". Ni ce mai haƙuri, ni ce ƙawar da ba ta gudu ba, in ba ni ba wa zai riƙe ta? Akwai zaƙi a cikin wannan, na sha shi a bakin ƙofar ɗakin mahaifina. Ki ƙara da tsoron ranar da za a ce a garinku 'yar gidan wane ta yar da marainiya a ƙasar mutane. Ki zauna bayan sallar asuba, kafin ki tafi ajin naku, ki tambayi kanki: da ba wanda zai taɓa ji, da ita ma ba za ta yi fushi ba, zan ba ta kuɗin nan? In amsar a'a ce, to ba tausayi ne ke bayarwa ba.

Fushin da ta yi da sakamakonki kuwa, kar ki ɗauke shi da zafi, kar kuma ki shafe shi. Mai ciwo yakan kasa taya wani murna. Amma kar ki fara ɓoye nasararki ko ki rage ƙoƙari don kar ranta ya ɓaci. Ki nemi waɗanda in kin ci za su yi guɗa, ki riƙa zama da su ko sau ɗaya a mako. Wata takwas duniyarki ta ƙanƙance ta koma ɗaki ɗaya da mutum ɗaya.

Ramakrishna, wani malamin Hindu da ya zauna kusa da Kolkata ya rasu a 1886, yana da labarin da yake ba almajiransa. Wai wani maciji ne ya addabi makiyaya a wata makiyaya, sai wani mai ibada ya bi ta wurin ya yi masa wa'azi, ya ce daga yau kar ka ƙara saran kowa. Maciji ya tuba. Da yara suka gane ba ya sara sai suka shiga jifansa, har wani ya kama jelarsa ya wulwula shi ya maka da ƙasa. Bayan shekara mai ibada ya dawo ya same shi a rami, ya rame, ƙasusuwa a karye, yana cin busasshen ganye. Ya tambaye shi, maciji ya ce ai kai ka hana ni cutar da kowa. Sai ya ce masa, kai wawa ne, sara na hana ka, ban hana ka huci ba.

Ga hucin da nake so ki yi, kuma a cikin makon nan. Ki zaɓi lokacin da kuka ci kuka ƙoshi, ba lokacin faɗa ba. Ki ce mata: wance, ina ƙaunarki, ba inda za ni, abinci in na dafa namu ne, asibiti ƙafata ƙafarki. Amma daga yau ba zan ƙara ba ki kuɗi a hannu ba, hayar wata mai zuwa ita ce ta ƙarshe da zan biya ni kaɗai, kuma ba zan sake yi wa Baba ƙarya ba. Na ba ki kwana bakwai ki gaya masa da bakinki, ina zaune kusa da ke. In ba ki iya ba, ni zan gaya masa. Za ta yi kuka, za ta ce kin ci amana, wataƙila ta kwaso maganar uwarta. Kar ki kare kanki, kar ki shiga lissafin rupi dubu 90 a wannan zaman, ki rubuta shi ki ajiye, magana ce ta manya in ƙura ta lafa. Ki bar ta ta yi kukanta, ki miƙa mata ruwa, in ta tsagaita ki maimaita abin da kika faɗa ba ƙari ba ragi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Naki iyayen ma su ji, tun kafin su ji a bakin wani. Kuɗinsu ne kike ciyar da mutum biyu da shi ba da saninsu ba, kuma tunda gidajen biyu sun zama ɗaya, mahaifiyarki ta fi ki sanin yadda za a tari dattijon nan da magana ba tare da an kunyata 'yarsa ba.

In kuma kafin kwana bakwai ɗin ya kira, ta miƙo miki waya kamar yadda ta saba, ki karɓa. Ki gaishe shi da ladabi, ki yi masa ya ƙarin haƙuri, sannan ki ce, Baba, ga ta nan, akwai maganar da take so ta gaya maka. Ki mayar mata da wayar a hannunta, ki zauna a gefenta a kan gadon. Kar ki fita daga ɗakin har sai sun gama.